Bayan Labulen Iya Risi

Tambuwal,
farkon damina.

Zuwa ga Kawu Attahiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Bara'atu da yara. Yaya gwiwar? An ce har yanzu kana hawa babur kana bin rugage kana yi wa shanu allura, alhali gwamnati ta sallame ka tuntuni. Kawu, a riƙa hutawa. A gaishe mini da Adda. Mu nan lafiya lau, maigida Siddiƙ na gaishe ka, yara ma haka.

Dalilin takardar nan shi ne kwalin da Rufa'i mai kabu-kabu zai miƙa maka. Hotuna ne na zana, kuma na san in na turo ta waya sai ka hau tudu ka wuni kana neman sabis.

Wata ƙaramar maɗaba'a a Sakkwato ce ke neman littattafan hotuna na ƙananan yara. Waɗanda ake kawo mana makaranta duk labarin wasu birane ne masu dogayen benaye, yara iri-iri suna wasa a titi ɗaya. Rannan ina nuna wa 'yan ajina, wata yarinya ta ce, "Malama, mu garinmu ai mu kaɗai ne." Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni a layin bayan tasha na girma, kuma can ba mu kaɗai ba ne. Shi ya sa na ce zan yi littafin layinmu.

Za ka ga Oga Obinna a ƙofar kemis ɗinsa, da Agali Buzu da butar shayinsa, da Gwaggo Zulfa, Allah ya jiƙanta, tana rabon tuwon Sallah gida-gida. Za ka ga Iya Risi mai ɗinki ta goya ni tana taka keke. Wannan shafin na fi so. Na bi ta layin makon jiya, shagon Iya ya zama wurin cajin waya, kemis kuma an rushe shi. Na tsaya kamar baƙuwa, ba wanda ya san ni.

Kai ka zauna haya kusa da kemis lokacin da aka turo ka ofishin dabbobi, ina aji biyu. Ka duba mini inda na yi kuskure. Masu maɗaba'a suna son aikin kafin a tafi hutu.

Ba sai ka wahalar da Adda da kallonsu ba, ita ba ta san mutanen layin ba.

'Yarka,
Najiba.

*

Kebbe.

Najiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, shanu kuma ba su san an sallame ni ba, saboda haka ba su daina ciwo ba. Ruwa ya sauka, gero ya fito.

Kwali ya iso. Wallahi kin sa ni dariya, kin kuma sa ni shiru. Amma ke da wa kuka haɗa baki kuka rage wa Obinna tumbi? Mutumin da sai ya juya gefe yake shiga kantarsa! Ki ƙara masa. Kuma kin manta kwanon shinkafar da matarsa ke aiko wa Gwaggonki duk Kirsimeti, da kazar da yake kawo mini da ranta in yanka, don kowa ya iya ci. Agali kuwa butarsa shuɗiya ce ƙarama, ba wannan tulun da kika ɗora masa ba. Iya Risi kin same ta sarai, har wushiryar. Na tuna yadda take yi mini faɗa in na kawo wando ya yage, rabi Hausa rabi Yarbanci, tana ɗinkewa tana zagina.

Kin ce kada in nuna wa Adda. Ai kin san gidan nan, ana buɗe kwali kowa ya taru. Ta zo ta zauna gefen tabarma, ana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariyar Obinna. Ta yi wa Zulfa addu'a. Da aka zo kan na Iya da goyo, sai ta dube shi sau ɗaya, ta kife shi a ƙasa, ta ce, "Wanga ba daidai ya ke ba." Ta tashi da shi ta shige ɗaki. Har yanzu ba ta fito da shi ba, shi ya sa za ki ga kwalin ya dawo babu shi.

Ki gaida Siddiƙ. Ki ce masa har yanzu ina jiran zuwan da ya yi mini alkawari.

Kawunki,
Attahiru.

*

Tambuwal.

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Na ƙara wa Oga Obinna tumbi, na rage butar Agali, na sa kazar a hannunka. Na gode.

Maganar Adda kuwa, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Kawu, ka yi haƙuri, yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Na san al'ada. Na san ni 'yar fari ce, ba a faɗin sunana, ba a kallona a gaban mutane. Na san ana yaye ni Gwaggo Zulfa ta ɗauko ni, tun da ita yayar Baba ce kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban taɓa rasa komai a hannunta ba. Ko sunan da nake kiran mahaifiyata da shi, Adda, a bakinka na tsince shi, don ba wanda ya koya mini wani. Duk na sani, kuma ina koya wa yara cewa kunya ado ce. Amma sani daban, abin da ke cikin rai daban. Ga ni da 'ya'ya huɗu, ban iya tuna rana ɗaya da hannunta ya taɓa jikina ba. In ta zo gidan Gwaggo biki ko gaisuwa, tana bakin ƙofa, fuska a gefe. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Ni "waccan" ce, ko "ta wajen Zulfa".

A layinmu kuwa ina ganin matar Oga Obinna tana rungume ɗanta na fari a tsakiyar titi. Iya Risi tana hango ni daga nesa za ta ƙwala kira, "Najiba mi!" wato Najibata da Yarbanci, har 'yan tasha su juyo. Ita ta yi mini kitson farko. Ita ta ɗinka mini rigar makaranta, ta yi mata aljihu a ɓoye don in sa gyaɗa. Ranar da suka loda kaya za su koma Ogbomosho na bi motar da gudu har gidan mai. Da labarin rasuwarta ya zo, na yi kukan da ban san ina da shi ba.

To yau na zana matar da ta goya ni, Adda ta ce ba daidai ba ne. Mene ne ba daidai ba? Don Bayarabiya ce? Ko don an nuna wa duniya cewa wata ta yi abin da ita ba ta yi ba? Ban zana don in ci mata fuska ba. Amma ba zan cire shi ba.

Shafin ƙarshe na yanke shawara zai zama na iyayena mata, Gwaggo da Iya. Ko da na so sa Adda, ban san fuskarta sosai ba, kullum a gefe nake ganinta.

Don Allah a karɓo mini hoton a ba Rufa'i.

Najiba.

*

Tambuwal.

Kawu,

Assalamu alaikum. Fatan kowa lafiya. Shiru ya yi yawa. Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ga Rufa'i ba, wayarka kuma ba ta shiga. In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini, yayarka ce, na sani. Amma ka ce mini wani abu ko faɗa ne.

Masu maɗaba'a sun aiko. Na fara sake zana shafin Iya daga ka, sai dai hannuna ya ƙi, duk wanda na yi ba ya kai na farko.

Najiba.

*

Kebbe.

Najiba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ba fushi na yi ba, 'yar nema. Ruwa ne ya cinye hanya wajen kwalbati, Rufa'i ya faɗa da babur ya gurɗe ƙafa, wayata kuma tana aljihuna na tsallaka rafi, ta sha ta ƙoshi. Takardunki biyu tare suka iso hannun wani mai kai albasa. Na karanta ta farko na kasa cin tuwo. Zauna ki ji, domin ni ma abin ya zo mini sabo.

Na shiga wurin Adda na ce mai hoto na son hotonta. Ta jawo shi daga ƙarƙashin matashi, an naɗe shi cikin ɗankwali. Na ce, "Adda, wai mene ne ba daidai ba?"

Ta ce, "Majanyin. Wanga na Yarbawa na. Wancan saƙi na, baƙi da fari, da jan baki."

Na ce to, wannan mai sauƙi ne.

Ta ce, "Kuma keken ba bakin ƙofa ta ke ba. Tana ciki, jikin taga."

Na ce, "Haba Adda, ni na zauna layin nan. Keken Iya a bakin ƙofa take, kowa ya wuce sai ta tsokane shi."

Ta ce, "Sa'adda kaz zo ke nan. Da can tana ciki. Akwai labule mai hoton kifi, bayanshi da ɗan gado, da randa, da akwatin ƙarfe kore inda ta ka aje yadin mutane."

Sai na tsaya ina kallonta. Ni na yi shekaru a layin, ban taɓa leƙa bayan labulen nan ba. Na ce, "Ke yaushe kika shiga ɗakin Iya?" Ta ce in tashi in ba ta wuri, akuya na cin shanya.

Kin san ni da naci, amma yayata ta fi ni taurin kai. Bara'atu ce ta samo bakin zaren. Washegari da hantsi suna ɓarar gyaɗa su biyu, ba wanda ya tambaye ta, sai Adda ta fara ba da labarin "wata mata". Ga shi yadda Bara'atu ta kawo mini.

Wai wata mata ce aka ɗauke wa ɗiya ranar yaye aka kai birni. Ba ta yi kuka ba, don ba a yi. Sai ta ce wa mijinta man shanu ya fi tsada a kasuwar Tambuwal, ya bar ta ta riƙa bin motar kasuwa. Ranar farko ta je gidan yayar mijin. Ɗiyar na wasa a tsakar gida, ta zo ta kama mata zane, ita kuwa ga surukai zaune, dole ta janye ƙafa ta dubi gefe. Ta fito ta zauna gindin wani shago da ƙwaryarta, hawaye na zuba, ta ja mayafi ta rufe.

Mai shagon ta fito ta ce, "Mai man shanu, wa ya mutu?" Ta ce ba kowa. Mai shagon ba ta san a yi shiru a ƙyale mutum ba, ta yi ta tambaya har ta ji. Da ta ji sai ta riƙe baki ta ce, "Ɗiyarki? Ke kika haifa? Kuma ba ki taɓawa? Wane irin abu ne wannan!" Ta ɗaura ɗankwali ta tsallaka titi, ta ce wa matar gidan a ba ta aron yarinya ta taya ta hira. Ta dawo da ita, ta tura matar bayan labule, ta ɗora mata ɗiyar a cinya, ta ce, "Nan ɗakina ne. Mu a garinmu ba mu san wannan kunya ba. Riƙe abinki." Ta koma kan keke ta yi ta takawa da ƙarfi don kada a ji motsi.

Tun daga ranar, duk zuwan da matar za ta yi, nan take sauka. Ta yi wa ɗiyar wanka, ta shafe ta da man da ta ce ta kawo sayarwa, ta goya ta tana zagaya ɗan wurin nan tsakanin gado da randa. Ta kira sunanta iya son ranta. Majanyin ita ta sa aka saƙa a nan Kebbe, ta bar shi wurin mai shago, don in ba ta nan a riƙa goya ɗiyar da shi. Na kemis ya sani, domin wata rana ɗiyar ta yi zazzaɓi shi aka kira bayan labulen. Mai shayi ma ya sani, shi ke tsare mata ƙwarya. Duk layin baƙi sun sani, ba wanda ya kai wa 'yan gari.

Bara'atu ta ce, "To me ya sa matar ta daina zuwa?"

Adda ta ce, "Ɗiyar ta fara magana. Ran nan ta dube ta tac ce mata Inna. In ta faɗi haka gaban Zulfa fa? Zulfa ba ta da kowa sai ita." Nan ta ga ta ambaci suna, sai ta ce gyaɗar nan duk ta yi ƙwari, ta tashi.

Kife hoton da ta yi kuwa, ke ma da kin natsu da kin gane. Fuskarki ce a jiki, ga mu duk zaune.

Ni ƙaninta ne, ciki ɗaya, ina ganin na san ta. Ashe man shanun da muka yi ta yi mata tsiya a kansa, wai ta kai Tambuwal ta dawo ba riba, ga inda yake tafiya.

Ga hotonki nan. Da ƙyar ta sake shi.

Kawunki,
Attahiru.

*

Tambuwal.

Kawu,

Assalamu alaikum. A yi wa Rufa'i sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

A makaranta takardarka ta same ni. Na ba yara aikin rubutu, na fita bayan aji na zauna a kan dutse, na yi kuka har mai gadi ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Kawu, ina tuna kifin. Wallahi ina tuna shi, jajaye ne a kan shuɗi, haske na ratsowa ta cikinsu. Ina tuna ƙarar keke, da ƙanshin man shanu, da wani baya mai ɗumi. Duk rayuwata na ɗauka bayan Iya ne. Ban taɓa tsayawa na ce, in Iya ce ta goya ni a ciki, to wa ke taka keken ba. Har yau in na buɗe kwanon man shanu sai na ji wani abu ya taso mini, Siddiƙ na yi mini dariya.

Na je layin jiya. Na roƙi yaron da ke cajin waya ya bar ni in shiga ciki. Wurin bai kai tabarma biyu ba. Ƙusoshin da aka rataye labulen suna nan a bango.

Na ji kunyar takardar da na rubuto maka, ka ƙone ta. Kuma na ji kewar Iya fiye da da. Shekara da shekaru ina zaune gabanta tana yi mini kitso, da bakinta da ba ya riƙe magana, amma wannan ta riƙe.

Ga sabon shafi na aiko. Iya na kan keke jikin taga. Oga Obinna na leƙowa da kwalbar magani, Agali na waje da ƙwarya kusa da butarsa. Bayan labule ga mace da goyo, majanyi baƙi da fari da jan baki. A ƙasa na rubuta wa yara: "A layinmu, in abu ya fi ƙarfin gidanku, akwai ɗakin maƙwabta."

Na juya matar tana kallon bango, bayanta kawai ake gani. Ba na son in tona abin da ta rufe, kuma Gwaggo ko tana kabari ba na son in yi mata abin da zai zama kamar an ci amanarta. Ka nuna wa Adda ita kaɗai. In ta ce a cire, zan cire, in bar wa kaina. Masu maɗaba'a sun ƙara mini zuwa ƙarshen wata.

'Yarka,
Najiba.

*

Kebbe.

Najiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya fara kai, Rufa'i ya koma kan babur yana ɗingishi. Takardar ba zan ƙone ta ba, ta riga ta yi aikinta.

Na kai wa Adda hoton bayan la'asar, daga ita sai Bara'atu a ɗaki. Na ajiye na koma bakin ƙofa na ba su baya. Ta daɗe tana kallo. Na ji ta ce kifin sun yi yawa. Na ji ta ce randar ta fi haka girma. Sai ta ce a karanta mata rubutun, Bara'atu ta karanta. Na gaya mata damuwarki game da Zulfa.

Ta ce, "Zulfa? Wa kaka tsammani ya ka wanke majanyin? Ran kasuwa tun da safe ta ka shirya ɗiyar ta zauna jiran Iya. Ba ta taɓa ce min komi ba, ni ma ban ce mata ba."

To kin ji. Ashe kowa a layin nan yana rufa wa kowa asiri, mu ne kawai 'yan kallo.

Daga nan ta ce, "Wagga mata mi ya sa ta ka kallon bango?"

Na ce, "Mai zanen ce ta ji nauyinki."

Ta ce, "Ba ɗakin Iya na ba? Can ciki ba a kunya. A ce mata ta juyo da fuskar."

Na ce, "Ai ta ce ba ta san fuskar sosai ba, ba a taɓa ba ta ta kalla ba."

Sai ta ce, "To ta taho ta gani."

Kin san halina, sai da na ja ta. Na ce, "Adda, 'ya'yanki da yawa, wa zan ce ta taho?"

Ta harare ni. Ta ce wa Bara'atu ta tashi ta saki labule. Bara'atu ta saki, na zama ina waje. Daga ciki, da wata murya da ban san yayata na da ita ba, na ji ta ce, "Najiba."

In an tambaye ki, ni ban ji komai ba, ina duba akuya.

Hanya ta gyaru. Na gaya wa Rufa'i ya biyo ta gidanku ranar Asabar da safe, ki taho da fensiranki da farar takarda. Tun jiya ta sa Bara'atu ta yi mata kitso.

Kawunki,
Attahiru.